Ai Na Bara Ya Fi

Mu masu sauraron kiɗa ba a iya mana. Mawaƙi ya saki sabon faifai, tun allura ba ta kai tsakiya ba mun taɓe baki: "Ai na bara ya fi." Kuma wallahi da gaske muke, ba ma jin kunyar faɗa.

Haka muka yi wa The Clash, samarin nan huɗu na Landan masu kiɗan punk, kiɗan jita mai hayaniya da waƙoƙin caccakar hukuma. A Disambar 1979 suka fitar da London Calling, faifai biyu, waƙa 19. Ko bangonsa kaɗai ya isa hira: ga ɗayansu, Paul Simonon, a dandalin Palladium na New York, ya sunkuya, ya ɗaga jitarsa zai maka ta da ƙasa. Hoton ya yi dishi-dishi, ita kanta Pennie Smith da ta ɗauka ba ta so a sa shi ba, mawaƙan suka dage. Daga baya mujallar Rolling Stone ta ɗora kundin a kan duk na shekarun 1980, tunda a Amurka sai Janairun 1980 ya fito.

To, me muke so su yi bayan wannan? Su sake mana irinsa, ba ragi ba ƙari.

Shekara guda cur sai ga Sandinista!, sunan 'yan juyin juya halin Nikaragwa da suka kori Somoza a 1979. Faifai uku, fuska shida, kowace fuska waƙa shida, 36 ke nan, sama da awa biyu mutum na zaune. Suka matsa wa kamfanin CBS ya sayar da arha, har suka haƙura da rabonsu na kwafi 200,000 na farko a Ingila. Wannan karamcin ba mu cika tuna shi ba in ana gardama.

Abin da ke ciki kuwa kamar tiren abincin biki, komai an zuba. Akwai rap da suka tsinto a titunan New York, a waƙar "The Magnificent Seven". Akwai rege da dub, da hannun Mikey Dread na Jamaika. Akwai irin waƙar coci. Wata waƙar juya ta baya kawai suka yi, suka raɗa mata sabon suna, "Mensforth Hill". Sannan suka ɗauko tsohuwar waƙarsu ta 1977, "Career Opportunities", wadda mawaƙinsu Joe Strummer ya yi da zafin rai kan rashin aikin yi, suka ba yara ƙanana su rera. Wannan kam ni ma ban yafe ba.

Daga nan muka samu karatun da muke ta maimaitawa har yau: da sun tace, da an sami faifai ɗaya mai kyan gaske. Kowa a majalisa ya yarda. Amma ka ce a kawo biro a rubuta waɗanda za a bari, ka ga rigima.

"Haba Yaya, ka cire 'Police on My Back'? Me ya rage?"

"Kai ƙane, ai wannan ta Eddy Grant ce, aro suka yi. Ni dub ɗin nan na fuska ta shida nake so."

"Fuska ta shida? Malam, akwai wanda ya taɓa kaiwa can bai yi gyangyaɗi ba?"

A nawa ganin London Calling ya fi tsari nesa ba kusa ba, babu waƙar da za ka tsallake. Sai dai shi ba a gardama a kansa, yabo ɗaya ne a tashi. Sandinista! shi ne mai sa shayi ya yi sanyi a hannu ba a sha ba.

A 1982 suka ji maganarmu, suka kawo Combat Rock, faifai ɗaya tal, waƙa 12, har da "Rock the Casbah". Ya fi duk kundinsu kasuwa. Muka ce yaran nan sun zama 'yan neman kuɗi.