Sannu da Ƙoƙari, Injiniya

Allah ya ƙara basira, Injiniya, gwanin gyaran famfo, mai idon da ya fi tef ɗin awo. Wasu sai sun durƙusa ƙarƙashin besin wanke hannu sun auna bakin magudana kafin su nufi kasuwa. Kai kuwa daga ƙofar banɗaki kake hango shi, ka juyo ka ce, "Alhaji, kawo kuɗin kaya, ai duk ɗaya ne." Madalla da wannan ilimi.

Masu ƙera kayan nan, da yake ba su da aikin yi, sun zauna sun yanka wa kowane abu girmansa. Besin wanke hannu inci 1¼, wato milimita 32. Wurin wanke-wanke na kicin da bahon wanka inci 1½, milimita 40. Masai inci 4, milimita 110. Ba su tsaya nan ba, suka ƙara wa kansu wahala: bututu biyu na iya amsa suna ɗaya amma kaurinsu ya bambanta. Na Ingila da ake kira 32, wanda ake haɗawa da gam, faɗinsa ta waje milimita 36 ne, wanda ake turawa cikin zoben roba bai kai haka ba, na ƙasashen Turai da dama kuma 32 ne cif. Kasuwanninmu ga su nan cike da kayan ko'ina, na waje da na gida. Duk wannan dogon lissafi ka rushe shi da kalma biyu: "Zai shiga."

Kuma yana shiga, wa ya isa ya musa? A nan ne gwanintarka ke fitowa fili. Ka tara kwali da tsohuwar leda a tsakar gidan mutane, ka kyasta ashana, ka gasa bakin bututu har ya yi laushi ya yi baƙi, ka danna ɗan'uwansa ciki da ƙarfin tsiya. Hayaƙin robar nan mai yaji da ke shaƙe yara, wannan ai ƙamshin aiki ne. Bangon bututun da ya sirance ya murguɗe inda wuta ta ci, wa zai gani tunda bayan besin yake? Sai ka kwarara gam. Masu littafi sun ce gam ɗin bututu ba ya cike rami, aikinsa ya narkar da fuskokin roba biyu da suka matse juna su zama abu ɗaya, inda kuwa akwai rata ba abin da zai kama. Ka nuna musu iyakarsu: ka yanko tsohon tube na babur ka naɗe, ka ɗaure tamau, ka shafe bakin bango da siminti. Ɗan mahaɗin nan da aka ƙera musamman don ya haɗa ƙaramin bututu da babba, wanda ke zube a shagunan Ƙofar Ruwa a Kano da Dei-Dei a Abuja, a bar wa ragwaye masu tsoron wuta.

Wani lokaci ma juya abin kake yi, ka ɗauko ruwa daga babban bututu ka tura shi cikin ƙarami. Gashi da kumfar sabulu da man goge baki suka sami dandamalin hutawa. Allah ya saka da alheri.

Ba a manta da ɗan ramin da ke saman besin ba, wanda ke kwashe ruwa idan ya cika. Besin mai irin wannan rami magudana mai tsaga a gefe yake so, don ruwan ya sami hanyar wucewa. Ka ɗaura masa marar tsaga, ka toshe hanyar. Daidai ne, in yaro ya bar famfo a buɗe, daɓen ɗaki ma yana son wanka.

Amma babban abin da za a yi maka kirari a kai shi ne yadda ka raba mu da lanƙwasar nan ta ƙarƙashin besin, mai riƙe ɗan ruwa a cikinta. Da ta ƙi hawa bututun da ka sayo, ka jefar da ita, ka zura robar nan mai miƙewa da ake ce wa majik, kai tsaye cikin bango. Wancan ɗan ruwa, zurfin milimita 75 a ƙa'idar Ingila, shi kaɗai ne ƙofa tsakanin hancin mai gida da sokawe. Ka buɗe ta, ka huta. Yanzu iskar masai mai warin ruɓaɓɓen ƙwai tana shigowa ba sallama, kyankyasai na biye da ita, a daidai wurin da mutum ke sunkuyawa ya kuskure baki ya yi alwala. A Hong Kong, a shekarar 2003, cutar SARS ta kama fiye da mutum 300 a rukunin gidajen Amoy Gardens, binciken hukuma kuma ya nuna cewa bushewar irin wannan lanƙwasa a magudanun banɗakunansu na cikin abin da ya ba cutar hanya daga gida zuwa gida. Su tasu bushewa ta yi. Kai ka fi su dabara, ka cire ta ɗungurungum.

Sannu kuma da samar wa iyali aikin yi. Uwargida ta sami bokitin da za ta riƙa zubarwa safe da yamma. Bango ya sha ruwa ya ƙoshi, fenti ya kumbura, tayil ya fara ɓanɓarewa. Idan aka sake kiranka, amsarka na nan a shirye: "Wallahi Alhaji, kayan yanzu ne ba su da kyau." Ka karɓi kuɗin aiki karo na biyu. Yaronka na tsaye riƙe da jaka yana kallo, gobe shi ma Injiniya ne.

Alhaji, kai ma ga naka kason na yabo, kada a ci maka haƙƙi. Kai ka kori wanda ya fito da tef ya rubuta maka jerin kaya, ka ce ya cika tsada, ka kira mai arha. Idan ka gaji da ribar da ka ci, ranar da za a sake canza magudanar nan ka sa a kwance tsohuwar a tafi da ita kasuwa, a gwada sabuwa da bututun tun a shago. Ka tsaya ka ga an mayar da lanƙwasar mai riƙe ruwa, a cika besin a sake shi a gabanka, ka shafa ƙarƙashinsa da hannunka. In ka ji danshi, kada ka biya.