Gwanayen Tsimin Cefane a Tudun Morris Heights

Wanda ya sauka daga jirgin ƙasa mai lamba 4 a tashar Burnside ya doshi yamma, zai gane unguwar Morris Heights a kan tudu take, wasu titunan ma matakala ce zalla. Shi ya sa buhun shinkafa a nan sau biyu ake biyan kuɗinsa: da dala a kanti, da gwiwa a hanya. Mutanenmu na wannan ɓangare na Bronx, 'yan zangon Kumasi da Accra, da na Nijar da Najeriya, kowa da dabarar da zai rantse maka ita ke rage masa kuɗin cefane. Ribar suke faɗa da ƙarfi, asarar kuwa ba mai lissafa ta.

Akwai Malam Nawa-a-Naira. Ya daɗe a Amurka, amma har yau ba ya ganin farashi sai ya juya shi zuwa kuɗin gida, kuma tun da dala ta haura naira dubu hawan jininsa bai sauka ba. Za ka same shi gaban albasa a kantin titin Jerome, waya a hannu: "Guda uku? Wallahi da kuɗin nan a Aliero sai an taya ni ɗauka." Ya ajiye, ya zaga kanti uku, ya dawo ya sayi ta farkon, ya makara wurin aiki. A farkon 2025, da murar tsuntsaye ta sa ƙwai ya yi tashin gwauron zabi har wasu shagunan Bronx suka koma sayar da shi uku-uku a leda, shi kaɗai ya yi murna. Ya ce sai yanzu suka waye, mai shayin layinsu ya daɗe yana haka.

Sarkin Sari kuwa ya raina sayen ɗai-ɗai. Shi sai kantin Costco na gabashin Harlem, can bakin kogi. Ba shi da katin shiga, yana dai da aboki mai kati, saboda haka cefanen gidansa ya dogara da ranar hutun wani. Shinkafa da mai suka kai shi, amma zai fito da tulin takardar goge hannu da man salak ɗin da zai ishi gidan biki. Gasasshiyar kazarsu ta dala 4.99 kullum sai ya tsaya ya ƙare mata kallo, ya tuna ba yankan Musulmi ba ce, ya yi tsaki ya wuce. Kayan ba sa shiga jirgi, dole a kira mota, nan rangwamen ya tafi. Ga gidan hawa na biyar, ba lifta. Daga ƙasa zai buga waya: "Ku sauko duka, har da mai barci."

Hajiya Mai Firiza ita ce kaɗai na ga lissafinta yana fita. Firizar tana falo, an lulluɓe ta da zanen atamfa an ɗora fulawar roba, baƙo ma ya kan nemi jingina. Su huɗu suke haɗa kuɗi su sayi rago a mahautar halal a raba. Rabon tsoka ba ya kawo magana. Kai da ƙafa da kayan ciki su ne suka taɓa raba zumuncin shekara da shekaru, har sai da matar liman ta shiga tsakani aka koma bin layi: wannan karon kan na wance, karo na gaba na wance. Hajiya ta san cewa a kasuwannin manoma na garin nan, mai katin tallafin abinci idan ya kashe dala 2 ana ƙara masa takardar dala 2, har zuwa dala 10 a rana, kuma ta sanar da duk matan ginin. Tun da aka hana ledar kanti a 2020 aka sa santi 5 kan jakar takarda, ba ta taɓa biya ba, jakunkuna ne cikin jaka cikin jaka. Aibinta guda: ita ma ba ta san abin da ke ƙasan firizar ba. Akwai wani ƙunshi da ake kyautata zaton naman layyar bara waccan ne.

Mai Jiran Sallahu ba ya sayen kuka ko daddawa a shagon 'yan Afirka, wai tsada. Jira yake wani ya taho daga gida. In ka ce masa za ka Kano, ka yi asarar rabin akwatinka. Ya san sarai ba a shigo da nama, amma sai ya sa a cusa kilishi cikin babbar riga, karen kwastan na filin jirgin JFK ya shinshino, a kwashe, ɗan aiken ya sha tambayoyi. Shi kuwa abin da zai fara tambaya: "To yajin fa, ya tsira?"

Masanin Kalanda bai cika kunna murhu ba. Suna, walima, sadakar bakwai, buɗa-bakin masallaci da azumi, duk yana da labari kafin dangin mai abin. Robobinsa na cikin jakar baya, a wanke. Ba a ƙinsa, don shi ke naɗe tabarmi.

A gidan abinci kuma ake gane sauran. Akwai direban tasi da ke sayen shinkafa faranti ɗaya ya ce a ƙara miya, rabi da rana rabi da tsakar dare, wannan Allah ya yi masa albarka. Akwai mai gardama da harajin kashi 8.875 cikin ɗari da ake ɗorawa kan dafaffen abinci, yana nuna wa yarinyar kanti farashin da ke bango sai ka ce ita ta kafa dokar. Maganar tukuicin ma'aikaci, wanda a nan al'ada ta sa ya kai kashi 15 zuwa 20, ba ya ma jin Turanci idan aka zo wurin. Sai Alhajin da ya gayyato ku da bakinsa, ya ci ƙaurin rago ya kora da lemo biyu, ana kawo takardar kuɗi ya dubi agogo ya miƙe: "Kai, la'asar za ta wuce ni. Ɗan'uwa riƙe mana, ma yi lissafi a masallaci."