Bakano, Wa Ka Bar wa Wannan Gadon?

Bawana Bakano! Ka tsallake gada ka koma garinku, ka bar ni a Barnawa da manhajar lissafin kaya da ka rubuta wa wani shago a Kakuri. Jiya mai shagon ya kira ni, wai buhun shinkafa 40 sun zama 400 a kwamfuta. Na buɗe kod ɗinka, na zauna tun la'asar har aka kira isha'i.

Malam, ko layar boka ta fi wannan sauƙin karantawa. Kuɗin shiga ka sa masa suna x, kuɗin fita x2, riba kuma x2sabo. A duk tsawon aikin, bayani ɗaya tak na tarar, can ƙasa, da manyan baƙaƙe: KAR A TAƁA NAN. Me zai faru idan an taɓa, ba ka faɗa ba. Na taɓa. Sugan shagon gaba ɗaya ya ɓace.

Na san abin da za ka ce: aikin kuɗi ne, sirrin kasuwa ne. Halinku ke nan, ko hanyar masallaci aka tambaye ku sai kun ce nawa za a bayar. Ka ɓoye bayanin ne don duk ranar da abu ya lalace a neme ka, ka zo da babbar riga ka yanka farashi.

Je ka duba Linux, da Linus Torvalds ya fara a 1991, wanda kowa ke iya buɗe cikinsa kyauta. A can idan ka kawo gyara ba tare da ka rubuta matsalar da ya magance ba, za su maido maka da kayanka. Ƙa'idarsu ma ta ce bayani ya faɗi abin da kod yake yi, ba ya tsaya maimaita yadda yake yi ba. Wanda ke girki a tsakar gidan biki ai dole ya wanke tukunya.

Ba na ce su ma waliyyai ba ne, kar ka yi saurin murna. A 2014 aka gano ɓarakar Heartbleed a OpenSSL, wata manhajar da ita ma kowa ke iya buɗe cikinta, bayan ta shafe kusan shekara biyu a fili, ƙofa a buɗe amma masu leƙawa ƙalilan. Sai dai su an samu wanda ya leƙa. Kai naka fa, ni kaɗai ne, da fitilar waya.

Nan Kakuri aka fara haɗa Peugeot a 1975, har yau tsohon bakanike na buɗe 504 ya san kowane noti inda ya dosa. Taka motar ko kai da ka ƙera ta, na ci amanar tuwon Zariya idan za ka gane ta bayan wata shida.

Ka turo min ma'anar x2sabo kafin Juma'a. Ka haɗo da kuɗin sharar bara, ban manta ba, sannan da kuɗin sugan mutane.