Motar da Mai Keke Ke Wucewa

Alal haƙiƙa, duk wanda ya dubi himmar ma'abota hikima na kamfanin LEGO na ƙasar Danmak, waɗanda a shekarar 2018 suka harhaɗa gutsattsarin robar wasan yara fiye da miliyan ɗaya, da ƙananan injuna 2,304, har suka tayar da mota kamar Bugatti Chiron sak, lalle ya sallama musu wajen haƙuri da ijtihadi. Amma ranar jarrabawa, da gwanin tsere ya shige ta, sai ta ci kilomita 20 a sa'a, alhali ta asalin tana cin 420, watau mai keke, muddin ya ƙoshi da tuwo, yana iya wuce ta, ya waiwayo cikin ladabi ya ce wa direban, "Sannu da aiki, Malam."