Buɗaɗɗiyar Wasiƙa Zuwa Ga Jinjirin Watan Shawwal

Bayan gaisuwa mai tarin yawa da fatan kana lafiya a maɓoyarka, a miƙa gaisuwata ga uwargida Zara. Farin wata sha kallo, na rubuto ne a madadin magidanta da matan aure da ma'aikata da ɗalibai mazauna nesa da gida, waɗanda duk shekara kake barin shirinsu a rataye har magaribar 29 ga azumi.

Kukanmu ɗaya ne: ba ka faɗin ranar zuwanka. Ƙaninka na Zulhajji yana da kara. In ya tsaya, yakan ba mu kwana goma mu nemi rago, mu yanki tikiti, mu sasanta wanda zai sauka a ɗakin wa. Kai kuwa ranka ya daɗe, sai ka leƙo na 'yan mintoci bayan faɗuwar rana ka shige, washegari da hantsi a ce kowa ya hallara filin Idi da sabuwar riga.

Dubi abin da kake jawowa. Ma'aikacin Abuja yana son ya hau jirgin ƙasa daga Idu zuwa Rigasa, amma bai san ko na yau zai kama ko na gobe ba. Wanda ya tsaya jiran sanarwa, kafin ya isa tasha kuɗin mota ya tashi. Uwargida ta jiƙa shinkafar waina, an fige kaji, ga yarinya zaune da ƙafa cikin leda tana jiran ƙunshi ya kama, kowa kunnensa na kan rediyo. Mutum ɗaya ne a unguwa yake roƙon Allah ka ƙara kwana, wato tela, wanda ya rantse wa gida biyar cewa saura maɓalli kawai, alhali shaddar ko almakashi ba ta gani ba.

Gwamnati ma ba ta tsira ba. A 2024 aka ba da hutun Talata 9 da Laraba 10 ga Afrilu. Ranar Litinin muka ɗaga kai har wuya ya ƙage, ashe kana can Amurka ka tare wa rana fuska, Turawa na kallon husufi. Mai Alfarma Sarkin Musulmi ya sanar da Laraba a matsayin ranar Sallah, dole gwamnati ta ƙara Alhamis. A nan kam ma'aikata sun ce a yi maka godiya.

Sai kuma rabon kan da kake yi tsakanin Maraɗi da Katsina. Ba sau ɗaya ba Nijar ta riga Najeriya Sallah da kwana guda. Kawu a can yana kiran bidiyo da malmalar tuwo a gabansa, ɗan ƙanwarsa a nan leɓe ya bushe yana amsa barka da Sallah da ƙyar.

Zauren iyali na WhatsApp kuwa, daren 29 ba ya barci. Wannan ya ce an gan ka a wani ƙauye, wancan ya turo sanarwar fadar Sakkwato ta bara, gwaggo ta aiko da saƙon murya mai tsawon huɗuba. Daga nan a faɗa kan tsohuwar rigima: gidan iyayen miji za a fara zuwa ko na iyayen mata? A Kano yara kuma sun kafe sai an kai su kallon Hawan Daushe a rana ta biyu da Hawan Nassarawa a ta uku, yinin gidan kaka ko oho.

Amma a faɗi gaskiya komai ɗacinta, zaɓi biyu kacal ka taɓa ba mu, 29 ko 30. Ba ka taɓa zuwa a 28 ba, ba ka taɓa kaiwa 31 ba. Duk da haka akwai masu fakewa da sunanka. Mutum ya haddace ranar da Arsenal za ta buga wasa wata guda kafin lokaci, amma in mahaifiyarsa ta tambaye shi sai ya ce, "Wallahi Hajiya, wata ne ya zo ba shiri." Wannan ƙazafi ne, kuma ina ba ka haƙuri a madadinsu.

Roƙona gare ka, in za ka fito, ka fito sarai a sararin da ba hadari, kowa ya gan ka, a yi sanarwa kafin isha'i. Dangi kuma da za su karanta wannan takarda kafin ta iso ka, ku kama hanya tun 28 ga azumi. Ku tsara ziyara da rana ta ɗaya da ta biyu da ta uku, ku bar zancen Talata ko Laraba. Wanda ba zai samu zuwa ba ya aika goron Sallah da wuri, ya buga waya a ji muryarsa. Allah Ya maimaita mana.

Naka mai ɗaga kai duk shekara,
Wani magidanci daga Kano