Wanzamin Saksofon

Duk wanda ya ga saksofon yana sheƙi a hannun mabushi zai ɗauka daga jikin tagullar nan muryar take fitowa. Ina! Ƙarfen ɗan rakiya ne. Mai maganar wata 'yar tsagar kara ce da faɗinta bai kai na babban yatsa ba, wadda masu busa ke kira rid. Ana ɗaure ta a bakin busa, iska ta bi ta kanta ta yi ta kaɗawa, sannan ƙarfe ya ɗauki amon ya kai wa jama'a. Adolphe Sax, mutumin Beljiyam da ya yi wa abin rajista a Paris a 1846, ya jera masa maɓallai rututu, amma mutuncin mabushi kacokan ya bar shi a hannun ɗan karan nan.

Karan kuma ba na dawa ba ne, balle mutum ya leƙa gona ya karyo. Wani dogon kara ne da ya yi suna a yankin Var, kudancin Faransa, kusa da Bahar Rum. Sai ya shekara biyu a gona a sare shi, ya sake kwashe wajen shekara biyu yana bushewa, kafin kamfanoni irin su Vandoren, da ke wannan sana'a tun 1905, su fere shi da inji har bakinsa ya koma kusan kashi ɗaya cikin goma na milimita. Na saksofon alto goma-goma ake sawa a kwali, da lambar tauri a jiki: 2, 2.5, 3, har zuwa 5. Amma tsiro tsiro ne. Kowane mabushi ya san kaɗan ne cikin goman ke yin daɗi daga buɗe kwali, sauran sai da lallashi. Mai hali ya watsar da masu taurin kai ya buɗe sabon kwali. Mu a Kaduna, inda farashin kwalin ke bin dala duk inda ta hau, ba ma watsar da komai.

Ni da girmana na shiga busa, furfura har ta fara leƙowa, domin tun ina yaro Soul Makossa ta Manu Dibango ta hana ni sakat. Malamina wani tsohon saje ne da ya yi ritaya daga badujalar 'yan sanda, muna ce masa Baba Saje. Da na fara iya haɗa waƙa biyu-uku ba tare da maƙwabta sun rufe taga ba, sai aka sa bikin 'yar yayata a watan Disamba. A taron dangi na buɗe baki na ce ni zan busa wa amarya shigowa ranar dina. Ba wanda ya roƙe ni. Yaya ta ce, "Kai dai kawo gudummawarka ta kuɗi, ta wadatar." Na ce duka biyun zan yi, ai kawun amarya ba ya rowa.

Sai hunturu ya sauka. Rid ya jiƙe a baki, ka ajiye shi, iskar nan ta busar da shi farat ɗaya, bayansa ya banƙare, bakinsa ya yamutse. Biki na ƙaratowa na ɗauki saks ɗina: sautukan sama suna fita, na ƙasa masu kauri kuwa suka ƙi ƙememe. In na matsa, sai abin ya yi gurnani ya tsallake sama. Na canza rid, haka. Na canza wani, haka. Nan take na yanke hukunci cewa kwalin nan gaba ɗaya ya yi tauri, kuma wani a Faransa ne ya zauna musamman ya zaɓo mini su.

Baba Saje ya tafi ƙauye, wayarsa ba ta shiga. Na koma wa malamin zamani, YouTube. Na tarar da wani Ba'amurke riƙe da ɗan guntun ƙarfe mai kaifin gefe, tsawonsa bai wuce yatsa ba, wai shi ReedGeek. Ya ɗan shafa shi a jikin rid, ya hure ƙura, ya busa, sauti ya fito sumul. Na duba farashin, na juya shi zuwa naira, na kife wayar a hankali. Na tambayi kaina: me wannan ƙarfe ya fi askar wanzami? Aska ma har ƙota gare ta.

Wanzamin unguwarmu ya saurare ni har na gama, sannan ya ce, "Ranka ya daɗe, wa za a yi wa askin?"

Na ce, "Kara."

Ya dube ni sama da ƙasa, ya zaro wata tsohuwar aska daga zabira, ya ce in na gama kada in wahalar da kaina wajen dawo da ita.

Saura sanfefa da wuri mai santsi, don Ba'amurken ya ce a kan gilashi ake daidaita bayan rid. Shi sanfefa mai lamba 600 ya ambata. Kafintan da na je wurinsa ya ce bai san wata lamba ba, ga dai wadda yake goge ƙofa da ita, ba ta taɓa ba shi kunya ba. Gilashi kuwa, duk gidan babu kamar na teburin falon uwargida, wanda ko kofin shayi ba a ɗora masa sai an sa faifai. Na jira ta fita rabon anko, na baje kayan aiki.

Na ɗaga rid na farko wajen hasken taga. Gefe da baki haske na ratsawa, amma tsakiya ga wani duhu mai kauri ya taso tsororo. Na ce yauwa, ga ɓarawon nan. Ba'amurken ya yi wata magana a kan wurin, amma a daidai nan data ta ƙare. Na sa aska na kankare duhun nan tas. Na busa, sai na ji kamar ɓangaren hagu ya fi nauyi, na rage shi. Sai dama ta fi, na rage ta. Duk wanda ya taɓa gyara gashin bakinsa da kansa a gaban madubi ya san inda wannan hanya take kaiwa: a daidaita nan, a daidaita can, a wayi gari leɓe fayau. Kafin la'asar kwali ya koma fanko, kowane rid ana iya karanta jarida ta cikinsa. Sauƙin busa kam an samu, ko numfashi ka yi kusa da shi sai ya amsa. Sautukan ƙasa kuwa suna nan a kan bakansu.

Uwargida ta dawo ta tsaya a kan teburinta. "Malam, me ya sami gilashin nan?"

Na ce, "Hunturu ne."

"Hunturun ne ya iya zana layi a jere, har da kwana?"

Na ce bana ya zo da ƙarfi. Ba ta ƙara cewa komai ba, wanda a gidanmu hakan ya fi faɗa tsada.

Ranar dina na zaɓi waƙar da ba ta sauka ƙasa sosai, na ɗaura rid ɗin da ya fi duka biyayya. Zaure ya cika maƙil. MC ya ɗauki makirfo ya ce yau kawun amarya da kansa zai nuna wa dangin ango cewa wannan gida ba a shigarsa da wasa. Aka buɗe ƙofa, amarya ta sako ƙafa, ƙawaye na biye.

Abin da ban lissafa ba shi ne, a ɗaki a hankali nake busa. Nan kuwa ga janareta, ga guɗa, ga surutun ɗaruruwan mutane, dole a ba da iska. Rid da aka cire wa ƙashin baya kuma, da iska ta yi ƙarfi sai ya manne da bakin busa ya toshe hanya. Na hura. Shiru. Kumatu suka cika, idanu suka firfito, jijiyar wuya ta miƙe, ko ƙis. Yaron da ke kula da na'urar sauti ya rugo yana jijjiga waya, MC na harararsa. Shi kuma, don ya wanke kansa, ya murɗe sauti har ƙarshe. A daidai lokacin na sassauta leɓe, rid ya saki.

Ƙarar da ta fita ba ta cikin waƙar da na shirya, ba ta cikin kowace waƙa. Amarya ta tsaya cak. Jarirai biyu suka amsa daga baya. Wata gwaggo ta saki salati ta dafe ƙirji, masu raba abinci suka leƙa waje ko mota ce ta taka birki. Na sake gwadawa, don namiji ba ya ja da baya a gaban surukai, abin ya ba da irin ta farko da ƙari. DJ, Allah ya yi masa albarka, ya saki kiɗa ya binne ni da raina. Ina tsaye saks a wuya, wani dattijo daga dangin ango ya tako a natse, ya liƙa mini naira dubu a goshi, ya matso kunnena ya ce, "Allah ya saka da alheri, a huta haka nan."

Da Baba Saje ya dawo na kwashi gawawwakin na kai masa. Ya ɗaga ɗaya wajen haske, ya daɗe yana kallo.

"Ɗana, wa ya yi maka wannan aiki?"

"Hunturu ne, Baba."

"To hunturun naku da aska yake yawo."

Ya ture su gefe ya ce in miƙo saks ɗin. Ya rufe taga, ya zura 'yar tocila cikin cikinsa, ya danne maɓallai. Can ƙasa wurin lanƙwasa, a wani maɓalli da kullum a rufe yake zama, sai ga haske yana tsiyaya. Ya sa tsinke ya zaƙulo ƙwayar aya. Ya kife bakin ƙahon ya girgiza, wasu suka zubo, har da murfin lemo. Ashe autana ya daɗe da mayar da wurin rumbunsa. Baba ya ce ko da ƙofar allura iska ta samu a nan, duk sautin da ke ƙasa da wurin ya mutu, ko wane irin rid ka ɗaura. Wato lafiyar kwalina ƙalau, garin neman gira aka rasa ido.

Ya lalubo wani tsohon rid a gindin akwatin saks ɗin, cikin waɗanda na taɓa yi wa hukuncin tauri, ya jefa shi a kofin ruwa na 'yan mintuna. Ya ɗaura shi, ya toshe ƙarshen bakin busa da tafin hannu, ya zuƙe iskar ciki. Ya ce in rid ya manne na ɗan lokaci sannan ya saki da ɗan ƙara, bayansa a miƙe yake; in bai kama ba, ya banƙare, sai a goga bayan a kan sanfefa mai laushi, ban da bakin. Sannan ya karkata bakin busa dama ya hura, ya karkata hagu ya hura. Karkatawar tana danne gefe ɗaya a kan leɓe, ɗayan ne kaɗai ke kaɗawa, kuma gefen da ya fito a dushe shi ne mai kauri. Ya ɗiga masa fensir, ya karɓi askar nan tawa, ya tsayar da ita a miƙe, ya shafa har zanen fensirin ya goge, ya tsaya. Abin da ya fita ƙura ce, ba ɓawo ba.

"Duhun nan na tsakiya da ka kankare," in ji shi, "shi ake kira zuciya. Ita ke riƙe da rid in iska ta yi ƙarfi. Ba a taɓa ta. Baki ma an riga an fere shi, ka bar shi. Gefe ake ragewa, kaɗan, a busa, a saurara. In ya yi laushi kaɗan, a ɗan tura shi sama ko a datse bakin gwargwadon silin gashi. Irin naka kuwa sai dai hura wuta. Mai algaita da ke yanka nasa da hannu, in ya ɓata ya yanko wani. Kai naka daga Faransa yake zuwa."

Ya busa. Sautin ƙasa ya fito da kaurinsa har kwanon rufi ya amsa, da aska ɗaya da ta gama da kwalina. Ya ƙara da cewa lokacin hunturu in riƙa ajiye su a rufaffen mazubi da ɗan soso mai danshi, amma ba jagab ba, kada su yi fumfuna.

Don haka, mai karatu, in busarka ta ƙi, fara duba ƙarfen kafin ka tuhumi kara, musamman in akwai yara a gida. In ta tabbata rid ne, jiƙa shi, daidaita bayansa, rage gefe ƙura-ƙura, ka bar zuciya inda Allah ya ajiye ta, domin aska ragewa ta iya, ba ta iya mayarwa ba. Sannan ka nemi gilashinka na kanka. Kuɗin da na biya mai yankan gilashi kafin zaman lafiya ya dawo gidana ya isa ya sayi ƙarfen Ba'amurken nan, har a yi canji.