Alhaji Ya Sayi Garmaho, Saura Murya

Wani yayi ya shigo gari, kuma kamar kullum, falon masu hali ya fara sauka. Faifan garmaho, wanda yara suka gama wurgi da shi a tsakar gida, ya dawo da martabarsa. A shekarar 2022 yawan fayafayan garmahon da aka sayar a Amurka ya zarce na CD, abin da rabon a gani tun 1987. Tunda Bature ya waiwaya baya, ai dole wuyan ɗan bokonmu ya juya.

Sai ga Alhaji a ɗakin shirgin mahaifinsa yana kaɗe ƙura. Ya tono fayafayan da tsoho ya saya zamanin da kuɗin Udoji suka faɗo wa ma'aikata a tsakiyar shekarun 1970: ga Shata, ga Ɗan Maraya Jos, ga Fela, ga waƙoƙin Indiya da kwalayensu suka sha gara. Ya yi odar garmaho, ya ɗora shi a kan kanta, ya ɗauke shi hoto ta kusurwa uku ya watsa a Facebook, duk kafin ya ji ko tarinsa. Ranar da abokai suka taru, ya jona shi da ƙatuwar na'urar kiɗan falo, ya sauke allura cikin ƙasaita, ya murɗa sauti har ƙurya. Abin da ya fito daga lasifika bai fi kukan sauro a kunnen mai gyangyaɗi ba.

Garmahon lafiyarsa ƙalau. Wutar da allura ke haifarwa idan tana bin zanen faifai ba ta wuce kashi 3 zuwa 5 cikin 1,000 na bolt ɗaya ba, alhali na'urar CD na iya tura bolt 2 cur. Ƙari a kan haka, tun wajen yanka faifai ake danne ƙaurin ganga a ɗaga siririn sauti, don waƙa mai tsawo ta samu wurin zama, bisa ƙa'idar da ƙungiyar kamfanonin fayafayan Amurka, RIAA, ta tsayar a 1954. Don haka sai an samu abin da zai ƙara wa sautin ƙarfi, ya kuma mayar da shi daidai. Wannan aiki yana ɓoye ne a bayan wasu 'yan ramuka biyu da aka rubuta wa PHONO a gadon bayan amfilifaya. Kusan duk amfilifayar gida ta shekarun 1970 da 1980 tana da su. Da CD ya ci kasuwa, kamfanoni da yawa suka cire su daga kayansu masu araha.

To, daga nan ne ake shiga kasuwar gwanjo, kuma nan wasan yake.

Ko a Sabon Gari ta Kano ne ko a Alaba ta Legas, mai kayan Beljiyam yana gane sabon shiga tun daga takunsa. "Alhajina, ka zo a daidai. Wannan wani tsohon Bature ne ya yi amfani da ita, shi ma ranar Lahadi kawai yake kunnawa. Wallahi ko noti ɗaya ba a taɓa kwancewa ba." Notukan kuwa kowanne da launinsa. Tsohon Baturen nan ya cancanci lambar yabo, domin duk wata amfilifaya, firji da dutsen guga da ke kasuwar daga gidansa suka fito.

Alhaji ba ya juya bayan na'ura, don bai zo kallon bayan kowa ba. Tambayarsa guda ce: "Wat nawa ce?" Mai kaya ya nuna masa wata mai walƙiya da aka manna wa takarda mai cewa wat 5,000, da harufan PMPO ƙanana a gefe. Wannan lissafi ne na ƙarfin da na'ura za ta iya yi na ƙiftawar ido, wanda 'yan talla ke kumburawa yadda suka ga dama. Irin wannan cika baki ne ya sa hukumar kula da ciniki ta Amurka ta kafa doka a 1974, ta tilasta wa kamfanoni faɗin ƙarfin da na'ura ke iya riƙewa a ɗore. Da wannan ma'auni, NAD 3020 da ta fito a 1978, wadda har yau masana ke yabon yadda take fito da sautin faifai, wat 20 kacal take bai wa kowace lasifika. Baƙa ce wuluk-wuluk ko toka-toka, ba ado. Da za a ajiye ta gaban Alhaji, cewa zai yi a ba yara su yi wasa. Falon da bai fi taku shida ba kuwa, wat 20 zuwa 40 na gaskiya sun isa su sa maƙwabci ya aiko a rage.

Ba a zuwa irin wannan ciniki ba tare da Masani ba. Shi ne abokin da ya taɓa zama wata uku a Landan, don haka kunnensa ya fi na kowa. Gwajinsa ɗaya ne: ya rungumi na'ura ya ɗaga, ya yi nishi, ya ce, "Ka ji nauyi! Ta Japan ce ta asali." A yi masa adalci, akwai ƙamshin gaskiya a maganar, domin babbar taransifoma nauyi gare ta. Pioneer SX-1980 ta 1978, mai wat 270 a kowane ɓangare, ta kai kusan kilo 35. Amma nauyi ba ya faɗin ko kayan cikin sun bushe bayan shekara 40, kuma gawar amfilifaya nauyinta ɗaya da mai rai.

Kalmar "ta Japan" ɗin nan ma ta ƙona gidaje. Na'urar da aka ƙera don kasuwar cikin gidan Japan bolt 100 take ci, ta Amurka 120, wutarmu kuwa 230 ce, ranar da ta ga damar zuwa. Wasu tsofaffin na'urori suna da ɗan maɓallin sauya wuta a baya, wasu babu, sai an haɗa su da taransifomar rage wuta. Alhaji, wanda ya karanta lambar wat sau biyar, bai ga wannan lamba ba ko sau ɗaya. Ya soka a bango, aka ji fat, ɗan hayaƙi ya tashi, uwargida ta leƙo tana tambayar wa ya bar wani abu a kan wuta. Washegari mai kaya ya tafa hannu: "Ai Alhaji a gabanka aka gwada, lafiya lau ta bar shagon nan." Gaskiyarsa, domin ta cikin taransifomar da ke ƙarƙashin teburinsa ya gwada.

Idan an tsallake wannan, sai gurnani ya biyo baya, wani "buuu" da ba ya yankewa a ƙarƙashin kiɗa. Za a zargi janareta, a zargi mai gyara, wata gwaggo ma ta kawo shawarar a yi hayaƙin habbatussauda. Maganin yana reto a bayan garmaho: wata siririyar waya ce da ake ɗaurewa a jikin ɗan noti mai alamar GND kusa da ramukan PHONO. Aikin minti ɗaya ne, ba ko sisi.

Shi mai ƙaramin ƙarfi, irin malamin makarantar da ke son jin Shata don Shata, cinikinsa daban ne. Yana zuwa da faifansa da haƙurinsa. Ya duba PHONO, ya duba bolt, ya sa a kunna. Ya karkatar da sauti hagu, ya karkatar dama, don ya tabbatar ɓangarorin biyu suna magana daidai. Ya murɗa kowane maɓalli: idan ƙarar ƙasa-ƙasa ce ke fita, yawanci datti ne, feshin mai gyara zai kore shi, kuma hujja ce ta neman ragi. Idan ɓangare guda ya yi gum, ko na'urar ta ɗau zafin da hannu ba zai zauna ba, sai ya ce Allah ya kawo kasuwa ya ƙara gaba. Ya bar ta ta yi minti 20 tana aiki yana shinshinawa, mai kaya na ta tsaki. Sunan da ba a rububi, kamar Kenwood, Onkyo ko Yamaha ta talakawa, ya fi masa Marantz da Sansui da 'yan yayi suka tsauwala wa kuɗi.

Akwai ma hanyar da ta fi wannan sauƙi. Ana sayar da wani ɗan akwati da bai fi tafin hannu ba, wanda ke yin aikin PHONO shi kaɗai, a jona shi tsakanin garmaho da kowace irin amfilifaya. Wasu sababbin garmaho, kamar Audio-Technica AT-LP60, da nasu suke zuwa a ciki, maɓalli kawai za a tura. An gaya wa Alhaji haka tun ranar farko. Ya ƙi, don baƙo ba zai hango ɗan akwati daga bakin ƙofa ba.

Yanzu dai komai ya kankama. Amfilifaya ta uku ta zauna, alluranta biyu na lilo cikin shuɗin haske, muryar Shata ta cika falo, baƙi suna gyaɗa kai suna tambayar ko tana kama Bluetooth. Abin da mai kaya da Masani suka manta ba su faɗa ba shi ne, gefe ɗaya na babban faifai ba ya wuce minti 20 zuwa 25, daga nan sai wani ya tashi ya juya shi. Alhaji kuwa ko rimot ɗin da ke gefen ƙafarsa sai ya ƙwala wa yaro kira. Mai karatun da ke shirin bin sahu, ya fara tabbatar da akwai ɗan autan da ba ya zuwa ko'ina bayan sallar isha'i, sannan ya shiga kasuwa.